Muryar Yurani

'Yata Yurani tana aiki a hasumiyar filin jirgin saman garinmu, ita ke gaya wa matuƙa su yi sama ko su yi ƙasa. Ni facin taya nake yi a bakin titi. Doka ɗaya na sani a aikinta: akwai na'ura cikin jirgi, in ta hango karo ta yi magana, ita matuƙi zai bi, ko me hasumiya ta ce.

Rannan jirage biyu suka nufo juna cikin gajimare. Yurani ta ce wa ɗaya ya yi ƙasa, na'urarsa ta ce sama. Ya bi Yurani. Ashe ɗaya jirgin ma ƙasa na'urarsa ta tura shi. Da ƙyar suka goce wa juna. Matuƙin da ya bi ta aminina ne, Aristides, wanda ya riƙe ta a coci ranar baftisma.

Bayan bincike aka ce ta koma aiki, ta ƙi. Ta daina cin abinci, ko ƙarar jirgi ta ji sai ta shige ɗaki.

Ran Lahadi na kira Aristides cin miyar kaza da rogo, ko zai lallashe ta.

"Ke 'yar nan, kin rame kamar bulala," in ji shi. "Wa ya mutu?"

"Baba Aristides, me ya sa ka bi ni?"

"To wa zan bi? Gwangwani? Muryar nan tun tana kukan nono na san ta."

"Da ka kashe mutane da bakina! Rantse, in na'ura ta yi magana, ba ka ji na."

Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. "Kai tsohon banza, rantse mana."

Ya daɗe yana juya cokali.

"Baki zai rantse, Eusebio. Hannun nan ne ban yarda da shi ba."

A makon ya nemi a mayar da shi wani gari mai nisa, inda ba zai ƙara jin ta a rediyo ba. Sai da ya tafi sannan Yurani ta ɗauki jakarta ta koma hasumiya.

Yanzu tana cin abinci. Amma ran Lahadi kujerarsa ba kowa, ni kuma in jirgi ya shiga gajimare sai in ajiye taya, in tsaya har ya fito.