Tudun da Aka Kai Kudu

Hazo ya rufe teku tun da hantsi, irin wanda mutum ba ya ganin ko hancin jirginsa. Orville Styron ya kashe inji, ya tsaya yana kasa kunne. Matarsa Lavonne na zaune kan akwatin ƙanƙarar da suka cika da jatan lande, ta ƙanƙame jikinta.

"Tsohon nan, sau nawa na ce ka gyara na'urar nuna hanya?" in ji ta.

"Ki yi shiru mana, saurare nake."

Haka ubansa ya koya masa, haka ya tsufa yana yi. A bakin mashigar garinsu akwai wani tudun yashi kwance a ƙarƙashin ruwa, igiya na fashewa a kansa ba dare ba rana. In ka ji rurinsa, sai ka bar shi a hannun hagu, ka miƙe, ka shiga gida lafiya.

To, sai teku ya cinye gaɓar gundumar da ke kudu da su, masu otal-otal ɗin nan. Su kuwa ko kunya babu, suka ce yashin cikin ruwa ba na uban kowa ba ne. An yi taro, an yi zage-zage, an je kotu, su Orville suka sha ƙasa. Duk bazarar nan jirgin kwasar yashi na zuƙar tudun yana kaiwa kudu, ana cike gaɓarsu da shi. Orville dai ya kafe cewa ba wanda ya isa ya kwashe shi kaf.

Yanzu ga shi ya saurara, ya ƙara saurarawa, shiru. Sai ruwa da ke lasar cikin jirgi, yana jan su inda ba su sani ba. Tsoro ya kama shi, na gaske, wanda bai taɓa ji a kan ruwan nan ba. 

"Ka ji wani abu?" Muryar Lavonne ta yi ƙasa.

"Tukuna."

Sun jima a haka. Can sai ya jiyo shi, nesa-nesa, ruri mai kauri.

"Ga shi nan! Ba na gaya miki ba?"

Ya tayar da inji, ya bar rurin a hagu, ya miƙe. Lavonne ba ta yi murna ba. Ta tashi tsaye, tana juya kai.

"Orville, ta gaba ma ina jin sa. Har ta dama."

Kafin ya juya sitiyari, igiya ta ɗaga su ta maka da ƙasa. Katako ya yi ƙara, ruwa ya fara bulbulowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya fizgo hannunta suka dira, ruwa iya ƙirji, suna faɗuwa suna tashi, har suka rarrafa tudu.

Da hazon ya ɗan yaye, sai ga kujerun shan iska a jere, da lemomi a naɗe, da inuwar wani dogon otal. A bayansu igiya na farfasa jirgin da suke ci da shi.

Orville ya damƙi yashin da ya durƙusa a kai. Mai kaushi ne, ruwan toka, cike da ɓaraguzan ɓawon kawa. Tun yana saurayi yake wanke irinsa daga jikin ankarsa, ƙarfen da yake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi.

"Kunnena bai yi ƙarya ba, Lavonne," ya ce. "Shi ne. Tudunmu ne."