Ya Yi Tafiya

Yaya Babba ta sauka a ƙasar da ƙaninta yake ci-rani, da jaka ɗaya da faɗa cike da bakinta. Autansu, mai aski, ya daina kiran waya, Inna kuma ta tasa ta gaba da kuka, shi ya sa ta yi takakkiya don ta ja masa kunne.

Mutanen garin sun burge ta, wallahi. Ba turereniya wajen shiga mota, ba mai ɗaga murya. A gida, kafin ruwan mai shayi ya tafasa an yi wa gwamnati wankin babban bargo. Nan kuwa hoton Shugaba na rataye a kowane shago, an goge shi fes, in ka ce "Ya gari?" sai a ce "Lafiya lau," a bi ka da murmushi. Ta ce a ranta, kai, mutanen nan akwai tarbiyya.

Ta tarar da shagon askin a kulle. Telan da ke gefe ko ɗagowa daga kekensa bai yi ba.

"Ya yi tafiya, baiwar Allah."

"Tafiya ba sallama? Ja'iri!" Ta yi dariya, hankalinta ya kwanta.

Tsohuwar da ta ba shi haya ta buɗe mata ɗakinsa. Yaya ta kama shara tana mita, har idonta ya kai kan jakar tafiyarsa a saman kabad, ta yi ƙura. Ga takalminsa na fita. Ga tukunya a rufe, abincin ciki ya yi fumfuna.

"Baba, wace irin tafiya ce ba jaka ba takalmi?"

Tsohuwa ta rufe taga, ta ƙure rediyo, ta matso.

"Mijina ma ya yi tafiya, 'yar nan. Ina goyon ɗan farina a lokacin, yanzu yaron ya yi furfura. Ƙaninki yana cikin aski ya dubi hoton nan, ya ce a kawo masa Shugaba ya rage masa gashin kunne, ko Allah zai sa ya ji kukan talaka. Kowa ya yi dariya. Washegari mota ta zo."

"Wasa ne fa! Haka yake tsokanar kowa tun yana yaro! Ina zan je in tambaya?"

"Mai zuwa tambaya ma tafiya yake yi."

Yaya ta ɗauki takalmin ƙaninta. Ta zauna a ƙasa rungume da takalmin, ta yi kuka kamar ranta zai fita, rediyo na ta kiɗa.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"Kin ga autana? Ba ni shi in ji muryarsa."

Yaya ta waiga ta dubi taga, ta dubi ƙofa. Ta ji irin murmushin mutanen garin ya hau fuskarta.

"Lafiya lau, Inna," ta ce. "Ya yi tafiya."