Ƙarshen Kiɗan Mai Gemu

Moutari mutumin Damagaram ne, amma a shekarar 1984 ya riga ya daɗe a Montreuil, gefen Paris, har mai gidan burodin unguwar ya san irin wanda yake so. Sana'arsa langa. Yakan saro kwanuka masu furanni daga wata masana'anta a ƙasar Polan, ya tura su Maraɗi da Damagaram. Bai taɓa taka Polan ba. Abin da ya sani game da ita shi ne sanyi, da kuma wani Tadeusz, mai kula da cinikin masana'antar, wanda suke gaisawa ta tarho da gurgun Faransancinsa.

Wannan Tadeusz ne ya cusa masa wasu faya-fayan garmaho cikin kwalin samfur, kyautar sabuwar shekara. Moutari ya juya su gaba da baya. Sunayen da ke jiki duk baƙaƙe ne cunkushe, ba inda harshe zai huta. Ya ajiye su a kan kabad, suka yi ta shan ƙura.

Wata Lahadi bayan azahar, yana dafa shayi, ya jawo ɗaya saboda shirun ɗakin ya ishe shi. Hoton wani dattijo mai gemu ne a bangon. Da fari ba abin da ya ji sai gunji daga nesa, kamar hadari na haɗuwa. Can sai goge guda ɗaya ya fito daga cikin gunjin, siriri, yana lanƙwasa murya yana komawa, sauran gogunan suka amsa masa gaba ɗaya kamar 'yan amshi. Moutari ya tsaya da kofi a hannu. Shayin ya tafasa ya zube bai sani ba.

Nan take ya kira Chaibou. Chaibou ɗan Tawa ne, ta ƙasar Adar, amininsa tun suna lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, yanzu yana koyar da lissafi a jami'ar da ke Bron, yana zaune da matarsa Hassia a wani dogon bene na unguwar Minguettes, a bakin Lyon.

"Malam Chaibou, gaisuwa daga baya. Saurara."

Ya kara kan tarho a bakin lasifika. Da ya mayar kunnensa, sai ya ji Chaibou yana cewa, "Kai! Wane ne wannan? Wannan ai gogen garinmu ne. Ina ka samo Ba'adare a Paris?"

"Ba'adaren Polan ne," in ji Moutari, yana dariya har da tari.

Daga ranar abin ya zame musu jiki. Moutari ya riƙa juye faya-fayan a kaset, ya ba duk ɗan kasuwar da zai hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Lyon. Tadeusz da ya ji labari, murna ta sa ya ƙara aiko wasu, yana cewa ko a ƙasarsu ba kowa ya san waɗannan mawallafan ba. Tun da sunayen sun gagare su, sai suka raɗa musu nasu: akwai Mai Gemu, akwai Mai Tabarau, akwai Hajiyar Warso, babban birnin ƙasar, wata mata da ƙahoninta ke tashi kamar za a fasa bango. Chaibou Hajiyar yake so, ya ce kiɗanta a lissafe yake, kowane abu da mazauninsa. Moutari ya ce shi ba jarrabawa ya zo rubutawa ba, a bar shi da Mai Gemunsa. Sukan yi musu har Hassia ta karɓe tarhon ta ce, "Yaya Moutari, tuwonsa ya huce, a ci gaba gobe."

Sai dai faifan Mai Gemu yana da aibi. Kashi huɗu ne kiɗan, a tsakiyar na huɗun kuma akwai tsaga. Daidai inda makaɗan suka taru suna hawa, suna hawa, allura sai ta yi tsalle ta dawo baya, ta yi ta maimaita gaɓa ɗaya. Moutari ya goge faifan da auduga, ya sake allura, a banza. Ya zaga shagunan faya-fayai na Paris, kowa ya duba bangon ya girgiza kai. Tadeusz ma ya nema, ya ce an daina buga shi tuntuni.

Sai musun ya koma kan yadda kiɗan ya ƙare. Moutari ya rantse da rawa ya ƙare, irin ta gama girbi. Chaibou ya ce duk wanda ya fara da wannan gunjin, da makoki zai rufe.

Bazara ta shigo. Wata safiya Hassia tana soya albasa, ta buɗe ƙofar gida don hayaƙi ya fita, kaset ɗin Mai Gemu na juyawa a rediyo, don ita ma ya kama ta ko da ba ta faɗa ba. Sai ta ga wata tsohuwa tsaye a bakin ƙofa da jakar cefane. Ta san ta da gani, maƙwabciyarsu ce ta ƙarshen baranda, wadda ta zo zama wurin 'yarta, ba ta cika magana ba. Hassia ta yi sauri za ta rage murya, tana ba da haƙuri.

"A'a, 'yata, bar shi," in ji tsohuwar da Faransanci. Ta ajiye jakar a ƙasa. "Ina kuka samo wannan?"

Sunanta Wanda. Ta yi shekara da shekaru tana goge a ƙungiyar makaɗan wani gidan rediyo a Polan, kuma tana cikin waɗanda suka kaɗa a wannan faifan. Rabonta da jin sa tun kafin ta baro gida.

Da Chaibou ya dawo daga aiki ya kira Paris, ko sallama bai ƙarasa ba. "Mutumina, ka hau jirgi. Ƙarshen kiɗanka yana nan barandarmu, yana cin dambun Hassia."

Ran Asabar Moutari ya sa babbar rigarsa ta shadda, ya rungumi faifan a ƙirji tun daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Lyon. Ya tarar da falon Chaibou a gyare, Madam Wanda na zaune a kujerar mai gida, akwatin gogenta a kan cinya. 'Yar ƙaramar mace ce mai farin gashi, yatsunta sun kumbura a gaɓoɓi. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda zai gaida gwaggonsa, ya tambayi lafiya, da gajiya, da mutanen gida. Ta amsa duka tana murmushi, sannan ta karɓi faifan, ta sumbaci hoton, ta faɗi sunan dattijon. Suka gwada maimaitawa, shi da Chaibou, ta yi dariya har da hawaye.

"Ku ci gaba da ce masa Mai Gemu," ta ce, bayan Hassia ta fassara mata laƙabin da suka raɗa masa. "Da ya ji daɗinsa. Ya fi alfahari da gemun nan a kan kiɗan."

Ta ba su labarinsa. Ɗan makiyaya ne daga duwatsun kudu, ya tashi yana jin gogen bukukuwan ƙauye, shi ya sa muryar take haka. Ranar da aka ɗauki faifan, ɗakin ba wuta, kowa da kwat ɗinsa yake kaɗawa, shi kuma yana zagayawa yana raba musu alewa.

Aka sa faifan a garmahon Chaibou. Suka saurara tun daga farko, ba mai motsi, sai leɓen Wanda da ke ƙirga kiɗan. Da aka iso tsagar, allura ta fara tsallenta, Chaibou ya ɗaga ta. Wanda ta riga ta sa gogen a wuya.

"Ni kaɗai ce, kuma yatsun sun tsufa," ta ce. "Sai kun taimaka. Kai, farfesa, kai ne manyan goguna, riƙe wannan muryar, kar ka saki. 'Yata, tebur ɗin nan shi ne ganga. Kai kuma mai babbar riga, in na ɗaga gira, kai ne ƙaho."

Suka gwada, ya watse. Moutari ya shigo kafin lokacinsa da wata irin ƙara, har Hassia ta faɗi kan kujera don dariya. Suka sake. A karo na gaba abin ya zauna. Gogen ya ɗauko daga inda faifan ya tsaya, ya hau, ya hau, ya ɓarke da rawa mai sauri, Moutari ya harari Chaibou da ido yana busa ƙahonsa da baki. Sai kuma rawar ta fara sassautawa. Wanda ta yi wa Hassia alama ta tsaya, ta yi wa Chaibou, ya rage saura ita kaɗai, tana jan wata 'yar waƙa mai taushi, irin ta lallashin jariri, har ta ɓace.

"Rawa ce," in ji Moutari, yana share ido da hannun riga.

"Ka ji yadda ya rufe kuwa?" in ji Chaibou.

"Biki ne," in ji Wanda. "An watse, uwar gida tana kwantar da jikanta. Haka ya gaya mana. Ku biyun sai ku raba nasarar."

Hassia ta kawo shinkafa da miyar gyaɗa, suka ci har da ƙari. Kafin la'asar Moutari ya roƙi a sake yi, ya ɗauka a kaset, da kuskurensa da dariyar duka. Kwafi ɗaya ya tafi wa Tadeusz cikin Polan.

Bayan haka masu musun suka zama huɗu. Wanda ta rubuta wa tsofaffin abokan aikinta, kaset-kaset suka fara isowa daga can, wasu ma ba a taɓa buga su a faifai ba. Duk Asabar ɗin farkon wata Moutari yana Lyon. Wani zuwan ya kawo mata kaset ɗin wani mai goge na ƙauyen su Chaibou, wanda aka ɗauka a gidan suna. Ta saurara ido rufe, ta sa aka mayar, sannan ta tambaya tsirkiya nawa ce a jikin gogen. Da aka ce mata ɗaya, ta ce ba ta yarda ba sai ta gani. Moutari ya yi alkawarin sa a taho mata da shi cikin kayan wani ɗan kasuwa, kuma kafin sanyi ya shigo gogen ya iso, da ƙoƙonsa da fatarsa. Ta kwashe lokacin sanyin nan tana koyo, maƙwabta suna bugun bango, ita ko a jikinta.