Jan Kati

Da aka zo kan buƙata ta bakwai, Lauya ta ciro jan katin daga aljihu ta ajiye a tsakiyar tebur, kusa da butar shayi. Ba lauya ba ce. Wuyan riga take ɗinkawa a layi na biyu na kamfanin ɗinki, matan layin ne suka laƙaba mata sunan don ta yi karatu kuma ba a ƙure ta a magana, su ne kuma suka turo ta zaman sulhu da shugabannin kamfani.

Shugaban ƙungiyar ma'aikata ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tun a bakin ƙofa ya ce mata, "Ƙanwata, maganar banɗaki a gaban manya? Bar ta, mu kama ta albashi."

"Mene ne wannan?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, kai ka kawo shi. Mata sittin, kati ɗaya. Ba mai zuwa banɗaki sai da shi a hannu. Kafin ya zagayo kan mace, awa biyar. Shi ya sa ba ma shan ruwa daga safe. Uwar layinmu, dattijuwar cikinmu, sau biyu tana kwanciya asibiti da ciwon ƙoda."

Manaja ya ƙara shayi a kofinsa, na uku ke nan. "Tsari ne kawai. Babba ai ya iya riƙe kansa."

"To mu gwada tsarin a nan. Ƙarfe goma muka shigo. Kada kowa ya fita sai uku."

Ya yi dariya har da buga tebur, ya dubi mutanensa biyu. "An gama. Yarinya, ke za ki fara roƙo."

Aka ci gaba. Aka yi ta ja-in-ja kan safar hannu, kan fankokin da suka mutu, kan hutun haihuwa. Lauya ba ta taɓa robar ruwan da ke gabanta ba. Leɓɓanta sun bushe, bayanta na zafi, amma haka suke kullum shekara uku.

Sha biyu da rabi, mai rubuta bayanan zama ya fara kaɗa ƙafa. Ƙarfe ɗaya, Shugaban ƙungiya ya matso da baki kusa da kunnenta.

"Don Allah ki rufa mana asiri. Ni fa ina da suga."

"Uwar layi ma tana da shi, Yaya."

Ɗaya da rabi, Manaja ya daina jingina da kujera. Ya sassauta bel, ya dubi agogo, ya dubi ƙofa. Gumi ya tsattsafo masa, ga na'urar sanyi tana aiki.

"Kati huɗu," ya ce.

"Babu kati."

"Shida. Ke wai ba mutum ba ce?"

"Mutum ce, yallaɓai. Sabo ne."

Biyu saura kwata ya jawo takardar, ya ja layi ya soke dokar katin, ya rubuta gwaji na wata uku, ya sa hannu a tsaye. Bai tsaya musabaha ba. Shugaba ya rufa masa baya, suka kusa karo a ƙofa.

Lauya ta jira tawada ta bushe, ta ninke nata kwafin, ta ɗauki katin, sannan ta sauka.

A layi na biyu kekunan ɗinki na ta ruri. Uwar layi ta ɗago kai ba tare da ta tsayar da ɗinki ba.

"Yaya, 'yar nan? Sun kore ki?"

Lauya ta jefa katin cikin kwandon ƙyallaye. Ta je famfo ta ciko kofi har baki, ta kawo mata.

"Sha, Inna. Duka."

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi agogon bango, ta dubi ƙusar da ake rataye katin. Ta jiƙa leɓɓanta kawai, ta ajiye kofin a gefen keke, ta jawo riga ta gaba.