Sunayen Manoma a Hawan Sama

Shekarar da wata ƙungiyar raba irin shuka a Samaru ta sayi sabuwar na'urar ajiya, Nana Hafsat aka ɗora wa aikin kwashe rumbun bayanai daga tsohuwar zuwa sabuwar. Makullin ɗakin kwamfuta a hannunta yake, tana kuwa ji da shi kamar ɗan fari.

Ejiofor, injiniyan da ya kawo na'urar daga shagonsu na Sabon Gari, ya yi mata bayani.

"Hawa biyu ne, Madam. Na sama faifai masu gudu, amma wuri kaɗan. Na ƙasa wuri birjik, sai dai jan ƙafa. Ki bar inji ya zaɓa da kansa. Abin da ake buɗewa kullum ya hau sama, wanda aka daɗe ba a taɓa ba ya sauka."

Tsarin ba laifi, da a ce manomi kullum yake zuwa ofis. Amma sau ɗaya yake zuwa, bayan ruwan farko, kuma gaba ɗaya suke zuwa. Ga shi rani ake ciki, tun bara ba wanda ya buɗe sunayensu, inji kuwa bai san damina ba. Bara da idonta ta ga dattawan ƙauyen Bomo a layin karɓar iri tun hantsi har la'asar, abin ya tsaya mata a rai.

"Kafe mini sunayen manoma a sama," in ji ta.

"To fayilolin Oga fa? Wurin ba zai ɗauki biyu ba."

"Su sauka."

Ejiofor ya sosa ƙeya. "Ni dai ki sa hannu, Madam."

Oga, wato shugaban ƙungiyar Alhaji Ahmadu, mutum ne da ko shayi ba ya jira ya huce. Da ya ga fayil yana ɓata masa lokaci, ya sa aka kira ta.

"Ki mayar da nawa sama, ko ki ba Kehinde makulli."

"Ranka ya daɗe, a jira ruwa ya sauka."

Bai jira ba. Aka karɓe makullin, aka mai da ita ofishin karɓar wasiƙu, ta yi kukanta a banɗaki ta wanke fuska. Shi kuwa Kehinde, mataimakinta, tsoron na'urar ya hana shi taɓa komai, kullum sai "gobe, Oga", sunayen manoma suka yi zamansu a sama.

Ruwa ya sauka a watan Mayu. Ranar da manoma suka zo, sunaye na buɗewa nan take, kafin azahar layi ya ƙare, Alhaji yana ta nuna wa baƙi injin da ya sayo. Ta taga Nana Hafsat ta hango wani dattijo yana ɗaura buhun iri a keke. Ya zo da ƙullin ɗumamen da zai ci a layi, ya mayar da shi aljihu bai ko kwance ba. Daɗi ya kama ta, ta laluba jakarta inda makulli ya saba zama, sannan ta ci gaba da buga hatimi.