Abokin Damben Orest Bilyk

Orest Bilyk bai shiga wasan hoki na kan ƙanƙara don ya yi dambe ba. A ƙauyensu da ke tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan, can ƙasar sanyi, da laushin hannu aka san shi tun yana yaro. In ya ɗora faifan roba a bakin sandarsa, sai ya ratsa yara a kan daskararren tafki ya zura a raga ba wanda ya taɓa shi. Yana ɗan shekara goma sha shida wani kulob na matasa ya ɗauke shi zuwa gari mai nisa, aka sauke shi a gidan wasu tsofaffi masu ba 'yan wasa ɗaki. A shekarar ne jikinsa ya buɗe. Kafaɗu suka cika ƙofa, ƙafafu suka yi nauyi, yaran da yake wucewa a da suka koma suna wuce shi.

Wata rana ana tsakiyar wasa wani daga abokan karawarsu ya maka wa ɗan ƙaramin cikinsu sanda a wuya. Orest bai san lokacin da ya watsar da safar hannunsa ya afka wa mutumin ba. Kafin alƙalan wasa su iso, mai sandar yana zaune a ƙasa riƙe da hanci. Da aka tashi, koci ya ja shi gefe ya ce gaskiya zai gaya masa: masu zura faifai a raga sun cika ƙasar nan, kuma duk sun fi shi gudu, amma ba kulob ɗin da ba ya neman ƙato guda da zai tsare wa sauran bayansu. In yana son cin abinci da hoki, ga hanya nan. Orest ya tuna gonar gidansu ta riga ta zama ta yayansa. Ya ce to.

Haka ya zama ɗan wasan ƙwararru, a ƙananan kulob-kulob da ke yawo cikin bas daga garin ma'adinai zuwa garin katako. Aikinsa zama ne a ƙarshen benci har ƙafafunsa su yi sanyi cikin takalmi. In wasa ya yi zafi, sai ya ji hannun koci a kafaɗarsa. Ya tsallaka kan ƙanƙara, ya nemi ƙaton ɗaya ɓangaren, su cakumi rigar juna. Jama'a su miƙe tsaye suna kiran sunansa. Daga nan a kai shi kejin horo ya zauna minti biyar, ya ɗora ƙullin ƙanƙara a kan yatsunsa.

'Yan kulob ɗinsa suna girmama shi, amma irin girmamawar da ake yi wa karen gadi. A bas, kujerar da ke gefensa takan zauna ba kowa. Da zarar ya fara sabawa da gari, ya gane shagon da ake sayar da burodi mai kyau, sai a sayar da shi ga wani kulob. Akwai wata mace da suka zauna tare damina biyu, ranar da aka ce masa ya sake haɗa kaya ta ce ita ta gaji da zaman mota. Mahaifiyarsa ba ta taɓa zuwa kallonsa ba. In ya buga mata waya, abin da take tambaya shi ne ko yana cin abinci, kuma haƙoransa nawa suka rage.

A irin wannan yawo ya haɗu da Gaetan Plourde, ɗan damben wani kulob, mutumin Quebec, yankin masu Faransanci, gajere mai faɗin ƙirji, da Turancinsa a kakkarye. Ranar farko, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa ana jiran a jefa faifai, Gaetan ya yi magana ba tare da ya dube shi ba.

"An ce kafaɗarka ta dama ta goce makon jiya. Ta warke?"

Orest ya ɗauka tarko ne, ya kafa ido a kan faifan.

"To ba zan ja ta can ba. Amma fa hancin nan naka, yau sai na daidaita maka shi."

Suka yi damben, kuma Gaetan bai taɓa kafaɗar ba. Da aka zaunar da su a kejinsu, gilashi ne kawai da mai duba agogo a tsakani, Gaetan ya leƙo yana tofar da jini, ya tambaye shi ko a garinsu ana samun kifi. Orest ya ji dariya ta kubce masa, abin da bai taɓa faruwa da shi a wurin ba.

Daga nan abota ta ƙullu. Duk lokacin da kulob-kulob ɗinsu suka haɗu sai sun daki juna, domin abin da aka ɗauke su yi ke nan, kuma ba mai sassautawa. Bayan wasa su tsaya a bakin bas, kowa da kumburarren ido, suna shan kofi a kofin takarda har direba ya danna oda. Gaetan ne kaɗai ya san irin fargabar da ke kama mutum tun jajibirin wasa, da yadda ake kasa riƙe cokali da safe saboda kumburin yatsu. Shi ma amai yake yi kafin kowane dambe, ya ce ko matarsa Ginette bai gaya wa ba. Yakan kira Orest "manomi", Orest ya kira shi "guntun gatari". In an sayar da ɗayansu, ɗayan ne yake fara bugo waya ya ji ina aka jefa shi.

Shekaru suka ja, furfura ta fara fito musu a gemu. Wata Lahadi da rana kulob-kulob ɗinsu suka haɗu, ana zagayen ɗumama jiki Gaetan ya matso kusa da layin tsakiya. Ya ce tun wani duka da ya sha kwanan baya kansa ke ƙara kamar an kunna inji, fitilun filin ma sukar idonsa suke yi. In da hali, yau a bar shi. Orest ya ce ya kwantar da hankalinsa.

Amma wasan ya lalace. Aka kayar da wani yaro da mugunta, jama'a suka hau ihu, Orest ya ji hannun koci a kafaɗarsa. Ya ɗaga kai ya ga Gaetan ma an turo shi. Ya yi niyyar ya zagaya ya koma benci, ko me koci zai ce ya ce. Gaetan ne ya tare shi, ya fara zubar da safar hannu.

"Taho mu gama, manomi. In na ƙi, gobe wani yaro ne a kujerata."

Orest ya riƙe shi sosai, yana kai naushi a hular kwano da kafaɗa, inda ba zai ji ba. Suna cikin kokawar hular ta fita. Takalmin Gaetan ya zame, suka tafi ƙasa tare, Orest a sama, ƙeyar Gaetan ta bugi ƙanƙara. Jama'a suka ɗauki tafi. Orest yana durƙushe yana kiran sunansa har alƙalan wasa suka janye shi, aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya.

Gaetan bai sake saka takalmin ƙanƙara ba. Orest ya je asibiti aka ce dangi kawai. Ya buga waya gida, Ginette ta ce yana barci, ya sake bugawa ta ce yana barci, sai ya daina.

Ya ci gaba da wasa na ɗan lokaci. Yanzu samari ne ke nemansa, kowa yana son a ce shi ya kayar da tsohon da ya gama da Plourde. Ba mai yi masa magana kafin dambe, sai zagi. Bayan wasa ya shige bas ya jingina kai da taga. Wata kaka, ana shirin fara sabuwar kakar wasa, koci ya kira shi ofis ya yi masa godiya, ya sallame shi. Kafin ya gama kwashe kayansa an riga an cire sunansa daga saman ma'ajiyarsa.

Bai nufi Saskatchewan ba. Ya juya motarsa gabas, ya yi ta tuƙi har ya isa ƙauyen su Gaetan, a bakin wani tafki cikin dajin katako. Ginette ce ta buɗe ƙofa, doguwar mace da gari a hannuwanta. Ta gane shi nan take. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya cire takalmi, kuma kada ya ɗaga murya.

Gaetan yana zaune a falo, an saki labule, ya yi ƙiba. Ya dubi baƙon kamar mai neman inda ya ajiye wani abu. Can sai fuskarsa ta washe.

"Manomi. Har yanzu ba a gyara hancin nan ba?"

Suka ci miyar wake da naman alade. Da Orest ya tashi tafiya, Ginette ta biyo shi. A bakin ƙofa ta ce wasu ranakun Gaetan yana gane mutane, wasu ranakun ko sunan 'yarsa sai ya nema. Tsofaffin abokan wasansa sun turo furanni a farko, ba wanda ya zo. Ta ce ba ta yafe ba, kada ya ɗauka ta yafe, amma mutumin yana son kamun kifi, ita kuma ba za ta iya jan bukkar kamun kifinsa zuwa kan daskararren tafki ba.

Orest ya kama ɗaki a saman wani shagon kayan gini, ya sami aikin tuƙa motar share dusar ƙanƙara. Mutanen garin Faransanci suke yi, shi kuma bai wuce gaisuwa ba. Sun san ko shi wane ne. A shagon kofi sukan ɗaga masa kai, su ci gaba da hirarsu.

Da tafkin ya daskare, duk Asabar yakan ɗauki Gaetan su tafi bukkar katako, ya huda rami a ƙanƙarar, ya hura ɗan murhu, su saki ƙugiya. Wata rana Gaetan yana kallon ramin ya ce shi fa ranar nan ta ɓace masa gaba ɗaya, daga karin kumallo sai farkawa a asibiti.

"Wa ya ci?"

Orest ya gyara itacen murhu. "Kai ka ci."

"Maƙaryacin banza. Ginette ta ce kamar buhun dankali na faɗi." Ya yi dariya har da tari. Da ya lafa sai ya ce, "Amma na kai maka ko ɗaya mai kyau?"

"Ka kai. Kunnena ya kwana biyu yana kuka."

Gaetan ya gyaɗa kai, ya gamsu. Asabar ta gaba ya sake yin tambayar, Orest ya sake ba shi amsa.

Sanyi uku suka yi haka. Daga baya jikin ya ƙara rikicewa, Gaetan ya fara fita ba riga yana cewa bas zai tafi ya bar shi. Ginette ta yanke shawarar su koma birni kusa da ƙanwarta da asibiti. Orest ne ya ɗaure kujeru da katifu a bayan babbar mota. Ranar Gaetan bai gane shi ba, ya ɗauka ɗan dako ne, ya miƙa masa hannu cikin ladabi ya yi masa godiya da Faransanci. Ginette ta zuge gilashi ta ce wa Orest bukkar ta zama tasa, in ya shigo birni ya biyo, ta kan dafa miya da yawa. Motar ta hau titi.

Yayansa ya bugo ya ce ya dawo gida, akwai ɗaki a gona. Orest ya ce zai duba, bai koma ba. Yakan je birni lokaci-lokaci, ya zauna gefen gado, wani zuwan a gane shi, wani zuwan a'a. Sauran ranakun yana kan motarsa tun da sassafe, yana ture dusar ƙanƙara daga hanyar makaranta da ta coci. Ya koyi yadda ake cewa a ƙaro madara da Faransanci. Matar shagon kofi takan gyara masa lafazi, ya maimaita, ta girgiza kai ta zuba masa.