Ƙafafun Ragon Jinaidu

Hussaina mai ƙunshi ta dire ƙwarya rufe da faifai a gaban alƙali, ta durƙusa. Nasara bai daɗe da shiga Sakkwato ba, amma shari'a tana nan yadda aka san ta: mai ƙara ya kawo shaidu maza biyu, in babu, wanda ake ƙara ya rantse ya kama gabansa.

Ƙararta kuwa, farin ragon Jinaidu mahauci, maƙwabcinta a Ƙofar Taramniya, shi ya tsinke shekaranjiya da hantsi ya faɗa mata gida, ya tattake lallen amarya da ta kwaɓa, ya fasa randar da ta gada wurin uwarta. Wa ya gani? Ita da kajinta.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Jinaidu, "ragon nan bai taɓa barin turke ba. Jiya ma na yanka shi, mutane sun cinye. A ba ni in rantse."

Alƙali ya dubi tsohuwa. "Iya, kina da shaidu?"

"Na ɓarna babu. Na ciniki dai ga su nan."

Mani da Ashafa, masu hatsi kusa da rumfar Jinaidu, suka matso. Suka ce ƙwarai, jiya rago ɗaya ya yanka, kuma a gabansu ya miƙa wa Hussaina ƙafafun, har da yi mata ragi don ta bar masa bakin rumfa. Shi mahauci cinya da kitse yake kallo. Ƙafa, wanda ya fara zuwa ake tura wa.

Hussaina ta ɗaga faifai. Ƙafafu huɗu, jajawur har gwiwa.

"Lallena ke nan, da lemun tsami na kwaɓa. Amaryar ma bai kama ta haka ba."

Jinaidu ya leƙa ƙwarya, ya daɗe yana leƙe. Bai ƙara zancen rantsuwa ba.

Alƙali ya gyara rawani don ya ɓoye dariya. Ya ce Jinaidu ya biya sabuwar randa daidai waccan, da lalle daidai wanda ya zube.

Dogari ya kai hannu zai ɗauke ƙwarya, ta janye abinta.

"Ina za ka kai min? Waɗanga shaidun ni na saye su, tukunya ke jiransu." Ta juya ga Jinaidu. "In ka kawo randar, maƙwabci, ka tsaya ka sha romo."